Yadda Farfesa Ta Faɗo Daga Bene

Tun tana aji ɗaya ake ce mata Rediyo, kuma ba ta taɓa jin haushin sunan ba. Idan malamin tarihi ya yi tuntuɓe a bakin ƙofa, mutum arba'in ne suka gani da idonsu, amma da an fita hutun tara sai su kewaye ta don su ji yadda abin ya faru. Ta iya muryar kowa. Ta san inda za ta dakata a yi dariya, ta san abin da za ta tsallake don kada labari ya yi sanyi. Shekarunta goma sha biyar, kuma a nata ganin ba ta taɓa yin ƙarya ba, gyara kawai take yi.

Ranar Litinin ɗin da abin ya faru, ana kaɗa ƙararrawar tara 'yan ajin suka ruga ƙasa don kama layin kantin makaranta. Ajinsu a saman bene yake, can ƙarshen baranda. Matattakalar ta siminti ce, taki goma sha biyu kafin a kai kwana, bakin kowace ya cinye saboda takalma. Farfesa, monitar ajin, ta tsaya a sama tana goge tabaraunta da gefen riga. Tabarau ne mai kauri kamar gindin kwalba, shi ya ja mata sunan, kuma idan babu shi ko fuskar mutum ba ta ganewa sai ya yi magana.

Rediyo ta zo wucewa ta fizge shi. Ba shiryawa ta yi ba, hannunta ne kawai ya kai. Ta sauka taki uku, ta juyo ta ɗaga shi sama.

"Zo ki karɓa, Farfesa. Ga shi nan dab da hancinki."

"Don Allah ki bari, ba na gani."

"To ai shi ya sa na ce ki matso."

Farfesa ta miƙa hannu wajen da muryar take, ta ɗaga ƙafa, ta sauke ta inda babu komai. A daidai lokacin Doguwa ta fito daga aji, ita ce kullum ta ƙarshen fita. Ta yar da jakarta ta kai wawura, ta cafki wuyan rigar Farfesa ta baya. Rediyo ta ji ƙarar yadin yana kecewa. Sai Farfesa ta wuce ta gefenta, kafaɗa ta bugi kafaɗa, ta gangara har kwana, kanta ya daki bango.

Ba ta yi motsi ba. Hannunta na hagu ya lanƙwashe a ƙarƙashinta ta hanyar da hannu ba ya lanƙwashewa.

Malamar lissafi ce ta fara hawowa da gudu, mayafinta a hannu. Ta dubi yarinyar da ke kwance, ta ɗaga kai ta ga Doguwa can sama, hannu a miƙe, tsinken yadi a tsakanin yatsunta. Sannan ta dubi Rediyo.

"Ke, me ya faru? Yi magana mana!"

Rediyo ta dubi sama. Abin da ya fito daga bakinta shi ne, "Malama, ni dai na ga hannun Doguwa a bayanta."

Gaskiya ce. Ta gani.

Doguwa ta buɗe baki. Tana da in'ina, kuma idan hankalinta ya tashi maganar takan maƙale mata gaba ɗaya. "Ta... ta... tab..."

"Rufe min baki! Tsaya nan kada ki motsa."

Aka cika wurin. Maigadi ya ɗauki Farfesa kamar jaririya ya yi mota da ita. Sai a lokacin Rediyo ta lura tabaraun yana hannunta, ta damƙe shi har ƙarfen ya yi mata shaida a tafi. Ta miƙa wa malama, ta ce, "Ga tabaraunta." Malama ta karɓa ta jefa a jaka. Ba wanda ya tambaye ta inda ta samo shi.

A ofishin shugabar makaranta fanka na juyawa tana ƙiƙi-ƙiƙi, akwai warin sababbin littattafai da aka jibge a kusurwa. Shugaba mace ce mai magana a hankali, ba ta katse mutum. Ta ba Rediyo kujera da ruwa a kofi, ta ce ta kwantar da hankalinta ta faɗi abin da ta gani daga farko.

Rediyo ta fara. Ta ce tana saukowa ne. Ta ce ta juya. Ta ce ta ga Farfesa a bakin matattakala ba tabarau a fuskarta, ta ga Doguwa ta fito da gudu, ta ga hannu, ta ji riga ta kece. Duk jimlar da ta fito sai ta auna ta a zuci, ta ga ba ƙarya a cikinta, ta saki ta gaba.

"Akwai wani abu a tsakaninsu ne?" in ji Shugaba.

"Ban sani ba, Malama. Sai dai ranar Alhamis Farfesa ta rubuta sunanta a 'yan makara, aka sa ta wanke banɗaki."

Wannan ma gaskiya ce. Shugaba ta rubuta.

Da aka shigo da Doguwa, sai da ta yi kusan minti biyar kafin ta haɗa magana guda. Ta ce tabaraun yana hannun Rediyo. Ta ce ita kamawa ta yi. Jijiyoyin wuyanta sun tashi, gumi yana bin gefen kunnenta, tana buga cinya da hannu don kalmar ta fito. Shugaba ta juyo ta dubi Rediyo.

"A hannuna yake mana, Malama," in ji Rediyo. "Ai ni na ba Malama shi."

"Ta ba ni, a gaban kowa," in ji malamar lissafi. "Yarinyar ma ta yi hankali da ta tsince shi."

Rediyo ba ta ce ta tsinta ba. Malama ce ta faɗa. Ta sunkuyar da kai ta bar maganar ta wuce.

Akwai kuma abin da kowa ya sani: bara Doguwa ta taɓa fasa wa wata yarinya leɓe saboda ta kwaikwayi maganarta. Shugaba ta ce Doguwa ta tafi gida, ta zo da mahaifinta ranar Alhamis, kwamitin ladabtarwa zai zauna.

Ummar Rediyo ɗinkin labule take yi a wani shago mai ƙofa ɗaya a bakin titi. Kullum daga makaranta can Rediyo take wucewa, ta zauna a kan dami na yadi tana zura ƙugiyoyi a bakin labule har a tashi. Ranar nan kafin ta iso labari ya riga ta. Mai gyaran gashi ta shago na gaba ta shigo, wata mata da ta zo karɓar labulen falo ta fasa tafiya.

"Ke ce kika gani, ko? Ba mu labari."

Ta ba su. A wannan karon sai ta ji ta ce Doguwa ta fito fuskarta a murtuke. Ta ɗan tsaya a ranta, ta tambayi kanta, a murtuke take? Ai kullum fuskar Doguwa a murtuke take. Ta ci gaba. Matan suka yi salati, mai gyaran gashi ta ce irin waɗannan shiru-shirun su ne abin tsoro. Umma ba ta tsayar da keken ɗinki ba, amma ta ce, "Allah ya tsare min ke, da ta haɗa da ke fa?"

Ran Talata ta ba da labarin sau huɗu a makaranta. Ya yi santsi a bakinta. Wani abin da ya ba ta mamaki shi ne ta fara ganinsa yadda take faɗa: idan ta rufe ido sai ta ga kanta tana saukowa salin alin, hannu wofi, ta juya saboda ta ji takun gudu. Har ta ga tabaraun a ƙasa, a taki na biyar, ta sunkuya ta ɗauka. Ɗayan hoton, wanda take ɗage da hannu tana dariya, ya koma kamar abin da wani ya ba ta labari tuntuni. Ta riƙa gaya wa kanta, wa ya sani ma? Wataƙila da Doguwa ba ta taɓa Farfesa ba da ta tsaya da ƙafarta. Wataƙila jan rigar ne ya karkatar da ita. Ai ba wanda zai rantse.

Abinci ne dai ya ƙi shiga. Ta ce wa Umma cikinta ne.

Da yammacin Talatar Umma ta rufe shago da wuri, ta sayi lemo da ayaba, ta ce su je dubiya. Ɗakin asibitin gadaje shida ne, Farfesa tana na kusa da taga, an ɗaure hannun an rataye mata a wuya, an aske gefen kanta an yi ɗinki. An mayar mata da tabaraunta. Mahaifiyarta tana ganin Rediyo ta tashi ta rungume ta.

"'Yata, Allah ya yi miki albarka. An ce ke kika tsaya kika faɗi gaskiya ba tsoro."

Turaren matar ya cika wa Rediyo hanci.

Farfesa ta yi murmushi da rabin baki. Ta ce ba ta tuna komai. Tana tuna ƙararrawa, tana tuna ta rufe rajista, daga nan sai farkawa ta yi ta ga silin. Likita ya ce wataƙila ya dawo, wataƙila ba zai dawo ba.

"Rediyo, ke za ki ba ni labarin faɗuwata," in ji ta. "Amma ki bari sai haƙarƙarina ya warke, kada ki sa ni dariya."

Kowa ya yi dariya. Rediyo ma ta yi. Ta tsaya a ƙafar gadon tana kallon idanun nan da gilashi ya ƙara wa girma, tana jira ta ga wani abu ya motsa a cikinsu. Ba abin da ya motsa. Ta ji sanyi a ranta, nan take kuma ta ji kunyar sanyin.

Ran Laraba bayan an tashi, ta fito daga ƙofar makaranta ta karya kwanar da ke bin bayan katanga, sai ga Doguwa zaune a kan wata tsohuwar tayar mota, cikin kayan gida. Titin ba kowa sai wani mai faci can nesa. Rediyo ta duba baya. Doguwa ta miƙe, ta fi ta tsawo da kai guda.

"Idan kika taɓa ni zan yi ihu."

Doguwa ta girgiza kai. Ta haɗa hannuwanta a baya kamar mai tsoron su. Ta ja numfashi, ta fara fito da kalmomin ɗaya-ɗaya, tana tsayawa tsakaninsu.

"Ki... faɗa min. Yadda ki-kika faɗa musu. Ina so... in ji."

"Ai kina wurin."

"Ki faɗa."

Rediyo ta gyara jakarta. Ta ce, "Ina saukowa ne, sai na juya..." Ta ji muryar ta fito siririya, ba tata ba. Labarin da ya yi sau goma yana tafiya da kansa ya tsaya cak. Duk waɗanda ta ba shi a baya suna jiran su ji abin da ya faru ne. Wannan ta riga ta sani, tana dai kallon bakinta.

"Sai na juya," ta sake cewa.

Doguwa ta jira. Da ta ga ba ci gaba, ta ce, "Babana... bai ci a-abinci ba. Tun ran nan." Ta juya ta tafi, takalminta na roba yana fat-fat a kan kwalta.

A shago Rediyo ta zauna tana zura ƙugiyoyi, sau biyu tana soke yatsa. Babu baƙi. Umma tana durƙushe a ƙasa tana auna wani yadi mai ruwan toka, fil a bakinta. Ba tare da ta ɗago ba ta cire fil ɗin ta ce:

"Ni kam jiya na yi ta kallon tabaraun yarinyar nan. Taki goma sha biyu a kan siminti, hannu ya karye, kai ya fashe, shi ko ƙwarzane babu."

Rediyo ta ajiye ƙugiyar da ke hannunta.

"Ran Litinin kin ce wa matan nan kina can kusa da kwana. Jiya a asibiti kin ce ta buge ki a kafaɗa tana wucewa."

"Umma, ai..."

"Ban tambaye ki ba." Umma ta ɗago. Fuskarta ba fushi, wani abu ne da Rediyo ba ta saba gani ba, kamar ranar da aka ce Baba ya yi hatsari a hanya kafin a gano ba motarsa ba ce. "Saura wata huɗu ku yi jarrabawa. Babanki yana can yana kwana a mota saboda ke. Abin da kika faɗa musu kin riga kin faɗa. Gobe ki maimaita shi yadda yake a takarda, kada ki ƙara, kada ki rage. Kuma daga yau kada in sake jin kin ba wani labarin nan. Kin ji ni?"

"Na ji."

Umma ta mayar da fil baki ta ci gaba da awo. Ta auna wuri ɗaya sau uku.

Rediyo ta zaci idan wani ya gane za a kama ta ne, a dake ta, a ja ta gaban Shugaba, abin ya fita daga hannunta. Ba ta taɓa kawo wa ranta za a gane a bar mata shi ba.

Ran Alhamis aka zauna a ɗakin malamai, an haɗa tebura biyu. Shugaba a tsakiya, malamar lissafi a damanta, malamin ladabtarwa a hagu da babban fayil. Mahaifin Farfesa ya zo, ya ajiye makullin mota a gabansa. Umma ta zauna kusa da Rediyo, jakarta a kan cinya ta riƙe da hannu biyu. Can ƙarshen teburin Doguwa ce da mahaifinta, mai gyaran famfo, ɗan tsamurmurin mutum da bai kai 'yarsa tsawo ba. Ya sa riga mai guga, amma farcensa baƙi ne da aikin da sabulu ba ya fitarwa.

Malamin ladabtarwa ya karanta rahoto. Ya karanta maganar bara. Ya ce abin da doka ta tanada shi ne kora, kuma mahaifin yarinyar da aka ji wa rauni yana da damar kai maganar gaba idan ya so. Mahaifin Farfesa ya ce zai duba.

Aka ba mai gyaran famfo dama. Ya miƙe tsaye duk da an ce ya zauna.

"Ranki ya daɗe, ni ban iya magana a irin wurin nan ba. Yarinyar nan tana da zuciya, ban ɓoye ba, na bara ta yi, ni da kaina na hukunta ta. Amma ta ce min kamawa ta yi. Sau uku ina tambayarta. Ni dai ban taɓa kama ta da ƙarya ba, don ita magana wuya take mata, ba ta ɓarnar ta." Ya tsaya yana neman abin da zai ƙara. "Idan an kore ta, ba ni da inda zan kai ta. Shi ke nan, ranki ya daɗe."

Ya zauna. Shugaba ta turo wa Rediyo takarda da biro.

"Wannan bayaninki ne na ran Litinin, an buga shi. Ki karanta a fili, idan haka ne ki sa hannu."

Rediyo ta ɗauka. Layi tara ne. Ta karanta na farko, ta karanta na biyu. Ta ji gwiwar Umma ta taɓa tata a ƙarƙashin tebur. Ta duba layukan da suka rage, ta ga har yanzu ba ƙarya ko ɗaya a ciki, za ta iya dafa kowane ta rantse. Ta ga kuma idan ta kai na tara, mutumin nan zai tashi ya fita da 'yarsa.

"Malama, akwai abin da ba a rubuta ba."

"Ina jin ki."

Ta fara. Kuma tana farawa ta ji abin nan ya taso mata, wanda ya saba tasowa idan ido ya dawo kanta. Ta ce kwana uku ba ta yi barci ba. Ta ce zuciyarta ce ta ƙi ba ta sukuni, ta ce ita da Farfesa sun saba wasa tun aji ɗaya, kowa ya sani, ranar ma wasa ne irin na ƙawaye, tsautsayi ne ya gitta. Muryarta ta yi rawa daidai inda ya kamata. Ta ga malamar lissafi ta karkata kai cikin tausayi, ta gane labarin yana tafiya da kyau, har ta hango ƙarshensa: yarinya mai ƙarfin hali da ta fito ta faɗi gaskiya.

Sai ta dubi ƙarshen teburin. Doguwa tana kallon bakinta, kamar jiya.

Ta katse maganar. Ana jin 'yan aji ɗaya suna maimaita karatu a ƙasa.

"Ba haka ba ne," in ji ta. "Na yi barci. Kuma ba wasa muke yi ba, ni kaɗai nake yi." Ta ajiye takardar. "Ni na fizge mata tabarau. Na sauka na ɗaga shi na ce ta zo ta karɓa. Ta ce ba ta gani, ta roƙe ni. Na ce ta matso. Ta tako ta faɗi. Doguwa kama ta ta yi, rigar ce ta yage. Ban tsinci tabaraun ba, yana hannuna tun farko. Maganar wankin banɗaki kuma na faɗe ta ne don ku zaci abin da kuka zata."

Ba daɗi a cikinsa ko kaɗan. Ba ta taɓa ba da labari mai muni haka ba.

Mahaifin Farfesa ya ɗauki makullinsa ya sake ajiyewa da ƙarfi. Malamar lissafi ta ce, "Amma ke kika ce min kin tsinta!" Rediyo ta buɗe baki za ta ce a'a, Malama, ke kika faɗa, sai ta rufe. Mai gyaran famfo ya sa tafin hannu ya rufe fuskarsa, kafaɗunsa suna motsi. Doguwa ba ta dube shi ba, ba ta dubi kowa ba, ta miƙe ta ce, "Za-zan iya... komawa aji?"

Shugaba ta dube ta ta ce, "Je ki. Zan zo ajin da kaina in yi bayani." Ta juya ga mahaifin Doguwa ta ba shi haƙuri, sau biyu, da sunan makaranta. Rediyo kuwa aka ce ta jira a waje.

Mako uku aka dakatar da ita, kuma aka ce za a karanta dalili a gaban taron safe. Mahaifin Farfesa ya so a kore ta, Shugaba ta ce a'a, ta ce ba don ta cancanci sassauci ba, sai don idan aka kori wadda ta dawo ta gyara maganarta, ta gaba ba za ta dawo ba.

A hanyar komawa Umma tana gaba tana sauri, Rediyo tana binta. Suka isa shago. Umma ta buɗe kwaɗo, ta shiga, ta zauna a gaban keke ba ta taka ba.

"Kin kunyata ni a gaban mutane," in ji ta. Can kuma ta ce, "Ni ma na kunyata kaina jiya." Ta share ido da bakin mayafi, ta tsawata wa Rediyo ta ɗauko tsintsiya, zare ya cika ƙasa. Da Baba ya kira da yamma, Umma ta miƙa mata wayar ta ce ta gaya masa da bakinta. Ya saurara har ƙarshe, ya ce zai dawo ran Asabar, ya kashe.

Mai gyaran gashi ta daina shigowa hira. Matar labulen falo ta aiko a karɓar mata sauran aikinta.

A mako na biyu aka sallami Farfesa daga asibiti, Umma ta ce dole su je. Sun je gidan mai gyaran famfo tun kafin nan. Mutumin ya karɓe su a tsaye a ƙofa, ya ce ya yafe nasa, Doguwa kuwa ta ƙi fitowa, kuma bai tilasta mata ba. A gidan su Farfesa mahaifiyar ta buɗe ƙofa, ta dubi Rediyo daga sama har ƙasa, ta amsa gaisuwar Umma da ƙyar. Ta ce yarinya tana hutawa. Suna shirin juyawa sai muryar Farfesa ta fito daga ciki.

"Mama, bar ta ta shigo. Ita kaɗai."

Tana zaune a kan kujera a falo, littafi a cinya, gashin gefen kanta ya fara tsirowa. Ba ta ce Rediyo ta zauna ba. Rediyo ta fara ba da haƙuri, Farfesa ta ɗaga hannun mai lafiya.

"An karanta min abin da kika ce. Ni abin da ke damuna daban ne. Kowa ya san abin da ya same ni ban da ni. Na ce miki ba na gani?"

"Kin ce."

"Da wace irin murya? Ina dariya?"

Rediyo ta ga ƙofar da aka buɗe mata. Kalma ɗaya ce, kuma ba mai ƙaryata ta.

"A'a. Tsoro kike ji."

"Ke fa?"

"Ni ina dariya."

Farfesa ta gyaɗa kai a hankali. Ta tambaya ko ta yi ihu, Rediyo ta ce ba ta yi ba. Ta tambaya wa ya fara zuwa kanta, Rediyo ta ce malamar lissafi, ita tana tsaye a inda take, ba ta sauka ba sai da mutane suka taru. Farfesa ta shafa bakin littafin da babban yatsa.

"To," in ji ta. "Zan tambayi Doguwa in ji ko haka ne."

"Ki tambaye ta."

"Ki ja ƙofar idan kin fita."

Umma tana jira a bakin titi, a inuwar wani kanti. Ta dubi fuskarta ta ce, "Me ta ce?"

Rediyo ta yi tunanin yadda za ta faɗa, ta ga hanyoyi biyu ko uku.

"Ba ta yafe ba tukuna," in ji ta.

Umma ta tsayar da mota, suka shiga. Akwai labulen wani ofis da aka yi alkawarin kaiwa kafin la'asar, kuma ko ƙugiya ɗaya ba a zura ba.